Hoton Yaya a Rumfar Mata

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ambaci sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ni ce auta. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", in kuma ranar tana cikin fara'a ta ce "uban yaran ga". Idan ya zo gaishe ta da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, nan take za ta nemo wa kanta aiki: ko ta hau tsintar wake, ko ta juya ta kama faɗa da kaza. Gaisuwar kam takan amsa ta kaf, har da ta gajiya da ta iyali, amma idonta na kan wake. Haka kunyar ɗan fari take a wurinmu, kowace uwa na yi, sai dai Inna ta fi kowa ɗaukar abin da zafi.

Ni kuwa ta sangarta ni, ba na musu. Kullum da safe sai ta kamo kaina ta matse a hammatarta, ta karanta abin da za ta karanta, ta tofa mini a goshi. Inna ba ta rabo da goro da fure, bakinta ja wur, saboda haka tofinta yakan bar ɗigo-ɗigo ja, ƙanana ƙanana, kamar an barbaɗa barkono. Na sha zuwa makarantar allo a haka yara na yi mini dariya. In na goge ta gani, sai ta sake kamo ni ta yi wani wanda ya fi na farko yawa.

Yaya bai san wannan ba. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakanmu na wajen uwa, a wani ƙauye na bakin gulbi ta gefen Maradun, can ya tashi, can ya yi aure. Gidanmu a Talata Mafara gidan fawa ne tun kakanni, Baba kuma har fataucin shanu yana yi zuwa Nijar, amma Yaya ko riƙon wuƙa bai iya ba. Manomi ne na sosai, mai gonar dawa a tudu da fadamar albasa da rake. In ya zo ganin gida ranar kasuwa, mahauta na yi masa tsiya, suna cewa ga ɗan gidan nama da ke tsoron jini. Shi dai murmushi ne nasa, ba mutum ne mai yawan magana ba.

A gurbinsa Inna ta sami wani. Matar Baffa, ƙanen Baba, ta rasu ta bar jinjiri, Inna ta ɗauka ta shayar. Shi muke kira Ɗan Baffa. Da yake ba ita ta haife shi ba, babu kunya tsakaninsu: ta kira sunansa da ƙarfi daga tsakar gida, ta yabe shi gaban kowa, ta ajiye masa ƙanzo. Ya tashi ƙato, mai dariya da dukan jikinsa, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, hannunsa a sake yake.

Sai aikin dam ɗin Bakolori ya zo. Mu a gari abin da muka fara gani manyan motoci ne da baƙin ma'aikata masu son nama. Ɗan Baffa ya kama kai nama sansaninsu, kafin a jima ya sayi babur. A can wajen su Yaya kuwa aka ce su tashi, ruwa na zuwa. Gonar tudu, da fadama, da tsamiyar da ke ƙofar gidan kakanmu, har da kabarinsa, duk suka koma ƙarƙashin ruwa. Inda aka nuna musu su koma tsakuwa ce, Yaya ya duba ya ce ko gero ba zai yi ba. Ya kwaso matarsa da 'ya'yansa ya dawo gidan ubansa, aka ba shi ɗakunan gabas. Babban mutum da shi, ya koma aron gona.

Gonar aron ma ba ta tsira ba, don daga Mafara har Bakura ana baje ƙasa ana haƙa hanyoyin ruwa. Wata rana katafila ta iso gonarsu, ga dawa ta fara nuna, saura kaɗan a yanke. Yaya da ɗan maƙwabcinmu suka tsaya a gabanta, suka ce a bar su su girbe tukuna. Ba su zagi kowa ba, ba su ɗaga sanda ba, amma aka kwashe su aka tsare. Gidan ya rikice, matar Yaya na kuka, ni ina kuka ina zage-zage. Inna kuwa ta tuƙa tuwo, ta cika babban akushi, ta kwarara man shanu, ta ce da mai kaiwa, "A kai ma ɗan maƙwabta. In da wani tare da shi, su ci." Wallahi ranar da ba uwata ba ce da na gaya mata baƙar magana.

Bayan an sako su mutane suka fara zuwa wurin Yaya. Duk wanda aka baje wa gona, ko aka auna masa ba daidai ba, sai ya zo zauren gabas ya zauna. Shi ba boko ya yi ba, amma ya iya sauraro, kuma in ya tsaya gaban manya yakan faɗi magana yadda take ba tare da ya ɗaga murya ba.

A shekarun nan rediyon Baba ba ta da zance sai biyu. Na ɗaya, ƙasashen yammacin Afirka za su haɗa kai su zama ƙungiya guda, a riƙa shiga ana fita ba wahala. Wannan ya yi wa Baba daɗi, don ya gaji da tsayuwa da shanu a bakin iyaka. Na biyu, soja za su mayar da mulki hannun farar hula, za a fara daga zaɓen 'yan majalisar ƙaramar hukuma, kuma wannan karon har mata za su jefa ƙuri'a, abin da ba a taɓa yi a wajenmu ba. Baba ya haɗa biyun ya fitar da nasa bayani. Yana zaune a tsakar gida yana wasa wuƙa ya ce da Inna, "Kin ji dai. In mutum za shi yin baƙi, ai share zaure ya ka yi. Ƙasag ga tamu na son zama gaba cikin maƙwabta, shi yas sa anka tuna da ku."

Inna ta ce, "To, da ina anka aje mu?"

Yaya na gefe, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, in sun gama da zaure, Allah shi sa su leƙo cikin gida su ga inda ruwa ya ci."

Mutanen zauren gabas suka matsa wa Yaya ya tsaya takarar unguwarmu. Mahauta da 'yan kasuwa kuma suka tsayar da Ɗan Baffa. Ga gida ɗaya, ga 'yan takara biyu. Baba ya ce shi ba ruwansa, duk nasa ne. Inna kuwa ba a ma tambaye ta ba, kowa ya san inda za ta faɗa. Ɗan Baffa ya shigo da tsire a takarda, ya zube gabanta yana dariya ya ce, "Inna, ƙuri'arki tawa ta ko?" Ta ce, "Wa ni ka da shi in ba kai ba?" A gaban matar Yaya ta faɗi haka, tana ta tauna goronta.

Lokacin ina gida. Aurena a Bakura yake, na zo haihuwar fari, na gama wanka amma na ƙi komawa da wuri, don tuwon Inna ya fi nawa. Kullum cikin rigima muke a kan jaririna. Da ta gan ni ina yi masa wasa gaban mutane sai ta maka mini mafici ta ce, "Marar kunya, ɗan fari na, aje shi!" Ni kuma in ce, "Inna, ni nis sha wuyatai, ba maƙwabta ba." Ran da ta yi wa Ɗan Baffa wannan alkawari na bi ta har madafa, na ce, "Yanzu Inna, mutum ruwa ya cinye mai gona, an kulle shi, ya tashi yana nema ma talakawa hakkinsu, ko kallo bai ishe ki ba?" Ta ce in miƙo mata muciya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata magana da Yaya ya yi mini, ana gab da zaɓe. Na kai masa fura zaure bayan baƙinsa sun watse, ina ta mita a kan Inna. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Auta, al'ada ta, ba ni jin haushi. Ko ni ka faɗuwa zaɓen ga, ba komi. Abu guda dai ni ka so in sani, ko sau ɗaya: abin ga da ni ka yi, ya yi mata daidai, ko tana ganin na zubar mata da mutunci da anka kulle ni?" Mutum mai 'ya'ya, da furfura ta fara fito masa a gemu, yana tambayar autarsu wannan. Na ɗauki ƙwaryata na fita ina share hawaye.

Ranar zaɓe Inna ta kamo kaina da safe kamar kullum, da aurena da ɗana, ta yi mini tofinta. Da hantsi muka tafi filin makarantar firamare. An ware wa mata nasu gefe a ƙarƙashin dogon yaro, an kafa rumfar zana mai ƙofa ɗaya. Ban taɓa ganin matan unguwarmu da yawa haka a waje ba in ba biki ba. Kowa ta ci ado, har da masu lalle, wata tsohuwa ma ta zo da tabarmarta da butarta don an ce mata abin gwamnati ba ya ƙarewa da wuri. Wata malamar makaranta ce ke yi mana bayani. Ta ce a ciki akwatuna biyu ne, kowanne da hoton mai shi a manne, za a ba ki 'yar takarda, ki shiga ke kaɗai, ki jefa a na wanda kike so, ki fito. Ba wanda zai gani, ba wanda ke da ikon tambayar ki.

Inna ta matsa kusa ta ce, "Malama, ko maigidana?"

"Ko maigidanki, Inna."

"Ko hakimi?"

"Ko gwamna."

"Ba kowa ciki sai ni?"

"Sai ke da Allah."

Inna ta gyara mayafinta ta karɓi takarda ta shiga. Sauran mata in sun shiga, kafin ka ƙifta ido sun fito suna dariya. Inna shiru. Layi ya fara guna-guni, wata ta ce ko barci ya kwashe ta, wata ta ce ƙila tana neman inda za ta zauna ne. Malama har ta ɗaga murya ta ce, "Inna, lafiya?" Can sai ga ta ta fito tana goge ido da bakin mayafi, ta ce wai rumfar zafi gare ta, ta wuce gindin dogon yaro ta zauna.

Ni ke bin ta. Na shiga, ga akwatuna biyu a kan benci. Ɗan Baffa a nasa hoton yana dariya har kunne. Yaya kuwa ya ƙame, kamar wanda aka ce in ya motsa za a ci shi tara. Na ɗaga hannu zan jefa takardata, sai na tsaya. A goshin hoton Yaya, daidai ƙasan hula, ga ɗigo-ɗigo ja, ƙanana, ko bushewa ba su yi ba. Ba sai an gaya mini ba. Tun ina rarrafe nake yawo da irinsu.

Na daɗe a tsaye ni ma. Wato abin da ya zaunar da ita ke nan. Ta sami ɗaki wanda ba miji, ba dangi, ba maƙwabta, ga fuskar ɗanta a gabanta, ta tsaya ta kalle shi son ranta, ta yi masa addu'ar da ba ta taɓa yi masa a fili ba. Na jefa takardata na fito, ban kalli inda take ba don kada ta gane na gane.

Ban kai ga zama ba sai ihu ya tashi. Matar Yaya ce ta fito daga rumfa tana tafa hannu: "An tofa ma hoton maigidana yawu! Wallahi matan gidan Baffa na!" Matan gidan Baffa suka yo kanta, su ma ba baya ba ne wajen baki. Kafin a ce me, zance ya tsallaka gefen maza. Mutanen zauren gabas, da ma zukatansu a cike suke, suka ce an raba su da gonakinsu, yanzu kuma ana tofa wa mai yi musu magana yawu. Samarin mahauta suka fara naɗe hannun riga. Babban jami'in zaɓe ya zo ya ɓamɓaro hoton daga akwati yana ɗagawa sama, yana cewa da ma sai da aka faɗa mata ba su san darajar abin nan ba, in haka ne zai rufe rumfar mata kowa ta koma gida. Ga fiye da rabin layi ba su jefa ba, har da tsohuwar nan mai tabarma.

Na waiwaya wajen Inna. Tana zaune ta ba rigimar baya, bakinta ya daina motsi. Na san ko za a yanka ta ba za ta tashi ta ce ita ce ba. In kuma ni na faɗa a bainar jama'a, na kwance mata zane a gaban garin da ta yi shekaru tana tsare mutuncinta a cikinsa. Ni da bakina ba ya shiru, ranar sai da na cije shi.

Na kutsa har bakin igiyar da ta raba mu da maza, na ce, "Yaya! Zo ka ji." Ya zo, ransa a ɓace, hoton a hannunsa don ya karɓa daga jami'in. Na rage murya na ce, "Duba da kyau. Mai ƙiyayya tara yawu ya ka yi shi watsa ma huska. Wanga fa? Goshi kaɗai, yayyafi-yayyafi." Ya duba, bai gane ba. Ina zai gane, shi da ba a taɓa yi masa ba? Sai na tura ɗankwalina baya na nuna masa goshina, inda na safe yake nan bai goge ba.

Ya kalli goshina, ya kalli hoton, ya sake kallon goshina. Sannan ya ɗaga kai ya dubi gindin dogon yaro, inda wata 'yar tsohuwa ta juya baya tana kallon katangar makaranta kamar an rubuta mata wani abu a jiki.

Ya koma wurin jami'in ya ce, da muryar nan tasa da ba ta tashi, "Ranka shi daɗe, ba ɓatanci ba na. Ni ad da hoto, kuma ban kai ƙara ba. A maida shi yadda shike, kada wanda ya goge, mata su ci gaba." Mutanensa suka so su yi gardama, ya ɗaga musu hannu. Ɗan Baffa ya iso yana haki yana rantsuwa ba da saninsa ba, Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce ya sani. Aka mayar da hoto, layi ya ci gaba. Har yau akwai tsofaffi a Mafara da ke ba da labarin haƙurin Yaya, wai an tofa masa yawu ya yafe. Ni dai in na ji sai in yi dariya in yi shiru.

Ɗan Baffa ne ya ci. Yawancin masu son Yaya ruwa ya watsa su, wasu Faru, wasu Garbadu, ba a unguwarmu za su jefa ba. Na yi kuka don haushi, na ƙi cin tsiren murna, ko da yake daga baya na ci. Ɗan Baffa kam ya yi ƙoƙari, ya riƙa ɗaukar koken zauren gabas yana kaiwa majalisa, wani a ji, da yawa a share. Maganar gonakin nan ba ta mutu ba, ta yi ta ruruwa har ta kai inda kowa a ƙasar nan ya sani, 'yan sanda suka far wa manoma, aka yi asarar rayukan da har gobe ba a daina jin zafinta ba. Amma a ranar dai, mata sun jefa ƙuri'arsu har ta ƙarshe.

Da yamma na ritsa Inna a madafa na ce, "Tsakaninki da Allah, wa kinka jefa ma?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malama ta ce ko gwamna ba shi tambaya. Ke wace ce?" Na yi ta bibiyar ta da tambayar nan shekara da shekaru, da wasa da gaske, har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba. Mai yiwuwa ne ta cika wa Ɗan Baffa alkawarinsa, don Inna ba ta saɓa magana.

Washegari da safe Yaya ya zo gaisuwa. Wannan karon ya ɗauko ƙaramin ɗansa a kafaɗa, ya durƙusa da shi a bakin ƙofa, ya matso ciki fiye da yadda ya saba. Inna ta jawo faifan wake. Suka gaisa, ta kwana, ta gajiyar jiya, ta iyali, idonta na kan wake. Gaisuwa ta ƙare, Yaya bai tashi ba. Ni ina gefe da jaririna, na ƙi fita.

Can Inna ta ajiye faifan, ta ce da yaron, "Kai, miji na banza, kullum sai ka zo hannu sake. Taho nan." Ba ta karɓe shi daga hannun uban ba. Ta miƙo hannu ta kamo kan yaron a nan inda yake, jingine da kafaɗar Yaya, ta fara karatu. Ta daɗe tana yi, fiye da duk wanda ta taɓa yi mini. Sannan ta tofa. Inna da ta yi shekaru tana auna goshina ba ta taɓa kuskure ba, ranar sai ga tofi ya tsallake kan yaro.

Yaya ya rufe ido. Da ya buɗe ya ce, "Na gode, Inna, a madadin yaro." Ta ce, "Allah shi yi mai albarka," ta koma kan wakenta.

Ya miƙe ya fita. Na bi shi har zaure na ce, "Yaya, akwai abu ga goshinka." Ya ce, "Na sani." Haka ya tafi kasuwa da shi.